Jakin Kakanmu Yana Kano

Laraba da dare, Hayin Banki

Wa ya aike ni Rigachikun? Na je ne Goggo Asabe, yayar Baba, ta faɗa mini unguwar kakanmu a Kano, don in rufe wa Tanimu tela baki. Tun ina yaro nake ɓoye masa takalmi a masallaci, ba ya iya fushi, tunda ni Bakano ne, shi Bazazzagi, abokan wasa ne mu.

Na kai mata goro, na saurari tarihin ciwon ƙafarta kaf, sannan ta ce, "Wane Kano? Malam kakanku ai haifaffen Zariya ne. Sau ɗaya ya kai fatu Kano, aka sace masa jaki, ya dawo a ƙasa."

Na ce, "Goggo, tsufa ne." Ta yi mini daƙuwa.

Jibi za ta kai wa Tanimu ɗinki, kuma bakinta ba ya ajiya. In ya ji, wasa ya ƙare, na zama yaro mara kunya kawai.

To ban yarda ba. Jakinmu a Kano ya zauna, a can ya hayayyafa, muna da dangi ke nan. Gobe da asuba Tanimu da takalmi ƙafa ɗaya zai koma gida.