Sai Uba Ya Sa Hannu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Auta.

Ban san ƙanwarmu ta tafi da gaske ba sai ranar Litinin, da na kai 'yarta makarantar renon yara. Matar ofis ta ce, "Ke ce uwarta?" Na ce, "'Yata ce mana, ƙanwata ta haife ta." Ta duba takarda, ta ce a hankali, "Babu sunanki a nan." Wai sai uba ya sa hannu, kuma ƙarshen wata za su ba wani yaro gurbin.

Lafiyarmu lau, kada Inna ta damu. Da yarinyar nake zuwa wurin aikin wanki. Tana zama ƙarƙashin teburi tana haɗa safa, ta ma fi ni iyawa. Jiya ta taɓa dutsen guga, amma hannun da sauƙi. Shugabarmu ta ce kada ta sake ganinta.

Don Allah, Yaya, ka nemo ubanta duk inda yake. Takardar tana cikin jakata. Har yau ban gaya wa yarinyar uwarta ba za ta dawo daga asibiti ba.

Ƙanwarka