Layi Bakwai a Aljihun Mai Niƙa

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti? Allah ya ba da lada. Ni ma lafiya lau, sai gwiwa da kunne, su kuwa kin san ba baƙi ba ne.

Ki daina bugo mini waya. Shekara hamsin da shida ina tsaye a kan injin niƙa, ya cinye kunnen, abin da nake ji a wayar kamar sauro ne a cikin kwalba. Shi ya sa na zo wurin Malam mai rubutu na bakin gidan waya, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya shafa wa maganata zuma. In kin ji kaushi, nawa ne, ba nasa ba.

Yau kwana goma sha ɗaya uwarki tana gidanki, ba ki aiko kin ce Baba me ya faru ba. To ni zan gaya miki, tunda na san kunne ɗaya aka cika miki.

Wata huɗu da suka wuce aka buɗe ajin manya a firamaren bayan layinmu, Litinin da Laraba da yamma. Uwarki ta ce tana so ta shiga. Na ce a'a. Mace mai jika tara, furfura ta gama kai, ta je ta zauna a bencin da yara suka tashi, tana rera abin da jikanta ya wuce tun bara? Ta yi shiru. Na ɗauka magana ta mutu, don shekara arba'in da ɗaya na san shirunta. Ashe zuwa take yi. Ba ta yi mini ƙarya ba, wannan zan shaide ta. Ba ta dai faɗa ba, ni kuma ina shago har faɗuwar rana.

Ranar da asiri ya tonu, ta kawo mini abincin rana, tana zare mayafin kwando sai ga littafin rubutu ya faɗo a gaban mata masu jiran niƙa. Wata mai dogon baki ta ce ai Inna ce ta ɗaya a ajinsu, har malama kan sa ta fito allo. Sauran suka yi dariya, wata ta ce saura Baba. Raina ya ɓaci, na ɗan taɓa littafin. Washegari na dawo na tarar da ɗakinta a share, makulli a ƙarƙashin turmi.

Ki gaya mata ta dawo. Ban kore ta ba, ban faɗi kalmar da ba a faɗa ba. Amma maganar aji babu ita. Kada kuma ki karanta mata wannan takarda, saƙon kawai za ki ba ta.

Ki gai da maigidanki. Ki ce masa ban ga alamar ya ja mata kunne ba.

Ni ne mahaifinki,
Mai Niƙa

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta zo, na gode da tonon silili. Kin manta cewa duk wanda zai karanta mini takarda sai ya ɗaga murya. Malam ya yi ta kwarara maganarki a bakin titi, mai shayi ya ji, mai facin taya ya ji, har mai sayar da kati ya matso da kujerarsa. Yanzu duk layin sun san 'yata ta ce abin da kakanta ya yi mini shi na yi wa uwarta.

Kin ce ba taɓa littafin na yi ba. To, na yaga shi. Na yaga, na goge baƙin man inji da takardun a gaban mutane. Ita kuma ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka yi baƙi, ta haɗa kwanuka ta fita. Malam ya rubuta, kin huta.

Malamar ajin ma ta zo shago. Yarinya ce sa'arki, da ladabinta, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta jira na kashe inji, ta ce neman ilimi haƙƙin Inna ne, ita ce mai zaɓa wa kanta, babu wanda ya tsufa da shi. Na ce mata haƙƙi yanzu aka ƙirƙiro shi? Ina yake lokacin da nake neman sa? Na tada inji, ta tafi.

Ke ba ki san labarin duka ba. Na yi makaranta, Auta. Kwana tara. Har yau ina jin ƙanshin allin nan. An zaunar da ni kusa da taga, malaminmu ya ce hannuna yana da kyau. Ranar ta goma ina sa riga, kakanki, Allah ya jiƙansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in tuɓe, ya sayi inji, babba zai riƙe masa, ƙarami ya tafi makaranta. Rigar tawa aka naɗe wa hannu aka sa wa baffanki Akawu. Ba wanda ya tambaye ni. Shekaru bayan nan na je ofishinsa neman wata takarda, ya bar ni a benci tun safe, da ya fito ya ce wa abokan aikinsa wannan yayana ne, ku kawo masa tawada ya dangwala, bai yi karatu ba. Bai yi karatu ba! Kamar ni na ƙi. Shekara talatin ke nan ban taka gidansa ba in ba rasuwa aka yi ba.

A ranar na rantse babu ɗana da zai dangwala yatsa. Ku biyar, wa na hana? Da aka ce mace ba ta wuce firamare, wa ya tsaya miki? Da yayanki ya ce shi lantarki zai koya ba aikin ofis ba, na yi fushi wata biyu, amma na bar shi. Ni ne yau ake kira mai danne haƙƙi.

Kin ce uwarki ta ce na yi mata alkawari tun tana amarya. Na yi. Nata uban ma hana ta ya yi, ta gaya mini tana kuka, na ce a gidana za ta yi. Sai ciki ya zo, na ce sai an yaye. Aka yaye, wani ya zo. Haka har ke. Daga baya ta daina tambaya, na ɗauka ta manta. Mutum ya riƙe magana shekara arba'in bai ce uffan ba, wannan ai ba adalci ba ne.

Matsayina bai canja ba. Amma ki tambaye ta inda ta ajiye man zafin gwiwata, na birkice ɗaki ban gani ba.

Mahaifinki,
Mai Niƙa

*

Auta,

Ina gaishe ku duka. Na ga man, yana bayan madubi kamar yadda ta ce.

A cikin ambulan ɗinki na tarar da wata takarda a ninke huɗu. Malam ya miƙo hannu, na buɗe ta tukuna. Ban iya karatu ba, amma na san wannan ba hannunki ba ne. Da fensir aka yi, baƙaƙen manya, suna hawa suna gangara, an danna har ya kusa huda takardar. Haka uwarki take danna allura in tana ɗinki. Na mayar na ninke, na ce wa Malam wannan ba tasa ba ce.

Yau kwana goma sha biyu tana aljihun gaban rigata. Layi bakwai ne, na ƙirga. Ban san abin da ke ciki ba. Ko ta ce tana zuwa, ko ta ce ta gama da ni. In na ba Malam, sai ya yi ihu da ita a titi, maganar farko da matata ta taɓa rubutawa a duniya ta zama abin shan shayi. In na ba yayyenki, 'ya'ya sun shiga tsakanin uwa da uba. Nakan kashe inji da rana in fito da ita in duba. Baƙi uku na tuna daga kwana taran nan, na same su a ciki birjik, amma ba su gaya mini komai ba.

Ranar Asabar na wanke ƙafa na tafi gidan baffanki. Na ce ko ba komai jinina ne, kuma ɗakinsa yana da ƙofa. Na same shi a kujera, ya rame, tabarau kamar gindin kwalba. Na zauna, hannuna a kan aljihu, na kasa fitowa da ita. Maimakon haka sai bakina ya kama tsohon zance, na amayar masa da komai, rigar, bencin, tawadar. Ya saurara har na gama. Sannan ya jawo kujerarsa, ya sa baki a kunnena.

Ya ce maganar ofis ya yi laifi, ya daɗe da sani, kunya ta hana shi zuwa. Amma riga, ya ce shi bai taɓa son ta ba. Shi injin yake so. Ya ce kullum da duka ake kai shi makaranta, in an tashi sai ya laɓe bayan shago yana kallona ina ɗaura wa inji bel, yana jin kamar ya mutu don hassada. Shekara talatin da biyar ya yi yana kwafe takardun wasu a ɗakin da ba taga, bai so yini ɗaya ba. Ya ce Yaya, ni ma ba a tambaye ni ba.

Na zo da kaya na shekara hamsin, na tarar mai gidan yana da irinsa. Aka kawo ruwa, muka sha. Na taso da takardata ban nuna masa ba.

A hanya na yi ta tunani, bari in faɗa miki tun kafin in fasa. Ba bencin yara ne ya dame ni ba, ba kuma dariyar mata ba. Duk gidan nan kun yi karatu kun tafi. In takarda ta zo, ni da uwarki mukan juya ta tare, mu yi dariya, mu ajiye sai wani ya zo. Mu biyu muka rage. Da littafin nan ya faɗo, sai na ga ita ma ta haye ta bar ni a wannan gaɓar ni kaɗai. Abin da na yaga ke nan.

Kin san duk duniya ita kaɗai nake ji ba tare da ta ɗaga murya ba. Bakinta nake kallo.

Takardar da ke biye ba taki ba ce. Ki miƙa mata, kada ki karanta mata, kada ki tsaya a kanta. In ta kwana uku tana haɗawa, ki bar ta.

Mahaifinki

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya baƙunta? Ina fata kina barci sosai a katifar mutane.

Na ce Malam ya yi baƙaƙe manya, ya raba su sosai. Ki bi a hankali, ba mai korar ki.

Kin san ba na iya magana ƙasa-ƙasa. Yanzu haka mai shayi ya ajiye buta, mai faci ya bar taya, duk suna ji. Su ji. A gaban mutane na yaga, a gaban mutane zan faɗa.

Na yi laifi. Littafinki ne, ba nawa ba. Alkawari na yi miki, na cinye shekara arba'in a kai. Da kika gaji kika ɗauki abinki da hannunki, ban da bakin cewa a'a. Ba izini nake ba ki ba, don na gane ba a hannuna yake ba. Haƙuri nake ba ki.

Na je wurin malamarku. Na tsaya a bakin taga sai da aka tashi. Ta ce ba a ba kowa wurinki ba, benci na biyu ta gefen ƙofa. Ta ce sun yi gaba kaɗan, amma ke ba abin damuwa ba ce. Na sayi littafi mai bango ja da fensir biyu, suna kan akwatinki. Ban sani ba ko irinsa ne, mai kanti ya ce shi 'yan aji suke saye.

Ni ba zan shiga aji ba, kada ki sa rai, kada kuma ki turo mini yarinyar nan. Amma in kina bita a tsakar gida, ki riƙa juyo da fuskarki wajena.

Takardarki tana nan. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Gari ya ɗan shiga ninkin, gumi ya taɓa gefe ɗaya, amma layi bakwai ɗin suna nan cif. Ban san me kika ce ba. In cewa kika yi ba za ki dawo ba, to ki zo ki faɗa mini da bakinki, ni zan raka ki tasha. In zagi ne, na ci. Ko mene ne, ba mai karanta mini ita sai wadda ta rubuta.

Motar safe tana isowa kafin azahar. Daga gobe ba zan tada inji ba sai ta wuce.

Ni ne mijinki,
Mai Niƙa