Gawon Badarawa da Danginsa

Da sunan Allah. Ni Adda mai daddawa ta Badarawa nake wannan wasiyya. Ƙafafu sun ƙi, amma hankalina garau yake. 'Yata Nusaiba ke rubutawa.

Na ɗaya. Gonar da na gada wurin mahaifina, alƙali ya raba muku ku 'ya'yana, tunda Shari'a ta zo har ƙofar gida. Amma a cikin sulusin da Allah ya bar mini, na yi wakafin babban gawon tsakiyarta da inuwarsa, don masu wucewa da dabbobinsu. Auwalu, ka dawo daga Gusau kana son sare shi don tarakta ta wuce. Ladan, ka rantse in ƙanenka ya ɗaga gatari kun rabu har abada. To, yanzu ba na ɗayanku ba ne.

Na biyu. Tukwanen daddawa na Nusaiba ne in kun yarda. Ta riƙa aika wa Martha, malamar gona ta Ƙaura, ƙullinta. Ita ta gaya mini abin da har yau nake juyawa a raina: wai ɗorawa, gawo, bagaruwa, wake, gyaɗa da gujiya, wadda muke kira kwaruru, duk gida ɗaya ne. A littafinsu legum ake cewa. Wasu su ce dangin wake, wasu masu kwanso, wasu masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Na yi mata dariya. Ina gawo, ina gyaɗar da ke ɓuya a ƙasa? Sai na tsinto 'ya'yansu na fasa ɗaya bayan ɗaya a tabarma. Wallahi kowanne ƙwayoyinsa a jere suke cikin kwanso. Na tsufa ina dafa kalwa ban san 'yar'uwar wake ba ce!

Na uku. Abu ɗaya ban gano ba, kuma yana ci mini rai: me ya sa gawo ke kaɗe ganye da damina, lokacin da danginsa ke kore shar? Martha ta ce masana ma ba su gama magana ba. Ladan, ka yi shekaru kana kallonsa. Auwalu, ka san masu littafi. Ku bincika tare.

Ladan, ƙanenka ma haka yake, kowa ya yi gabas shi ya yi yamma. Ban taɓa cire shi daga gida ba, kai ma kada ka cire shi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ranar da kuka samo amsar, ku zauna a gindin gawon ku biyu, ku faɗe ta da ƙarfi, ku yi mini addu'a.