Robar Fitsarin da Ta Kwantar da Babana a Guangzhou

Zuwa ga Alhaji Garba, mai odar kayan asibiti daga Guangzhou zuwa Kano.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da kasuwa.

Ranka ya daɗe, jiya a ofishinka kana cikin yi mini bayanin cewa roba duk roba ce, kuma mai kamfanin amininka ne, sai waya ta yi ƙara. Ka ɗaga mini hannu in dakata. Na dakata har shayin da aka kawo mini ya huce. Tunda ban samu damar magana ba, ga ta a rubuce, yadda sauran 'yan kasuwarmu ma za su gani.

Ni ce Hajara, 'yar Malam Idi mai kekunan ɗinki. Na rako shi nan Guangzhou ne don in riƙa karanta masa takardun Turanci. Ba mu daɗe da sauka ba ya kasa fitsari, asibiti suka sa masa roba suka sallame mu. Da aka ce a canza ta, kai ka ba mu roba da jakarta kyauta daga samfurin da za ka tura gida, wani ma'aikacin jinya ya sa masa a masauki. Mun gode. Yau Baba yana kwance da zazzaɓi mai zafi, ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara, ana duba ko sun kai ƙoda.

Ga abin da na gani.

Na ɗaya, robar. Na buɗe ɗayar da ta rage cikin biyun da ka ba mu, na shafa ramukan da ke kanta, bakinsu ya karce mini yatsa. Wannan ce ake tura wa mutum a wurin da ya fi ko'ina laushi, ta kwana ta wuni tana goga. Baba ba zai taɓa gaya wa 'yarsa inda ke masa ciwo ba. A zanen gado na ga jinin.

Na biyu, jakar. Ba ta da abin da ke hana fitsari komawa sama. A ƙwauri ake ɗaura ta. Wanda ya zana ta ya ɗauka mara lafiya yana miƙe a gado ko yana kan kujera. Mu kuwa muna zaman tahiya, mutum ya danne ƙwaurinsa da nauyinsa duka. Abin da ya fita sai ya koma inda ya fito.

Na uku, mahaɗar roba da jaka. Da yatsa biyu ake zare ta. Baba ya ga haka, ya ce ba zai tsaya gaban Ubangijinsa da najasa a ƙafa ba. Kowace salla sai ya cire jakar, ya rataye ta a banɗaki, ya toshe bakin robar da murfin biro, ya ɗauraye da ruwan buta. Ranar Juma'a a banɗakin masallacin Huaisheng ya yi haka, cikin cunkoso. Duk buɗewa hanya ce ga cuta. Ba wanda ya gaya masa. Takardar da ke cikin kwalin da Sinanci take, sai wani Turanci da digirina ya kasa warwarewa. Alhaji, dattijo nawa ne a Kano ba za su yi abin da Baba ya yi ba?

Na je shagon kamfanin da kaina, ina jiran in ji "meyo", wato babu, kamar yadda muka saba. Akwai. Sun nuna mini ta silikon mai laushi da santsin baki, da jaka mai hana komawa, mahaɗarta a liƙe, da famfon zubarwa a ƙasa. Ta fi tsada kaɗan. Yarinyar shagon ta ce "lawban", wato maigidan Kano, kai ke nan, bai taɓa tambayar irinta ba.

Saboda haka ina roƙon ka dakatar da kwalayen da aka ce za su tashi ta filin jirgin saman Baiyun mako mai zuwa, ka musanya su da waccan. Ka sa takarda da Hausa, boko da ajami, mai cewa kada a raba jaka da roba. Ka nemi malami ya ƙara layi ɗaya kan rangwamen da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari, domin maganar malami Baba zai ji, ba ta likita ba.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya ba ka tsawon rai, ya sa har ka gama tsufa ba ka buƙaci abin da kake sayarwa ba.

Yanzu nas ta fitar da ni, ta rufe ƙofar ɗakin Baba, za su sake ɗibar jininsa. Sakamako sai gobe. Ni kuma na kama hanyar shagon mai buga takardu, don wasiƙar nan ta riga kwalayenka isa Kano.

Wassalam.

'Yarka,
Hajara Idi