Yaran Gidan Sada

Ƙofar Durbi, Katsina
Afrilu, 1999

Ɗiyata Madina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin rediyo. Ya Kaduna?

Na je gidan tarihi na ga abin da kika haɗa. Wai ɗaki fayau, ba tukunya ba takobi, tabarma kaɗai! Har na fara faɗa, sai na ji gaɗa ta ɓarke daga bango. Wallahi sai da na zauna. Ashe kaset ɗin nan ne da marigayi babanki Sada ya ɗauke ku kuna yara a tsakar gida, shekarar da soja suka miƙa mulki karon farko. Na ji ɗan'uwanki Abbas yana kukan an cinye mishi ƙosai. Na ji ki, uwar iyayi, kina ba da waƙa.

Madina, gidan nan ya yi mani girma. Kun watse duka, ko kaza ba ta motsi. Kullum da hantsi nake tafiya gidan tarihin in zauna, har maigadi ya daina tambayata. Jiya ya ce ƙarshen wata za a kwashe, a shafe ɗakin da fenti don baƙin sabuwar gwamnati. Ki hana su. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Gwaggonki,
Suwaiba

Kaduna
Mayu, 1999

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na karanta takardarki a ofis, na kasa ci gaba da aiki. Na yi waya, na rubuta, amma aron ɗakin aka ba ni, kuma lokacin ya cika. Ki gafarce ni. Na yi abin ne don baƙi su ji yadda gidajen birni suke da rai a da. Ban kawo a raina cewa ke za ki zauna a kan tabarmar ba.

Ga rikoda da batura da kaset ɗin a hannun direba Idi. Ko kuma ki tattaro ki dawo wurinmu, ɗaki na nan. Ina so in ce zan zo da sallah, amma ba na son in yi maki alkawarin da zan saɓa.

Ɗiyarki,
Madina

Ƙofar Durbi
Yuni, 1999

Madina,

Gaisuwa. Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Kaduna kam ba ni zuwa, wa zan bar wa gidan?

Na aje rikodar a gindin rijiya, na ƙure murya. Shekaranjiya Malam Almu, sabon maƙwabcinmu, ya yi sallama a zaure. Ya ce don Allah Hajiya a tsawata wa jikokin nan, sun hana shi barcin rana.

Na ce mishi ya yi haƙuri, yara ne, gidansu ne.

Gwaggonki,
Suwaiba