Lokacin Juya Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar nan taki? Mu nan sai godiya. Baba yana nan yadda kika bar shi, ɓarin hagu bai motsa ba, bakin kuwa bai gaji da faɗa ba.

Maganar ki ɗauke shi zuwa gidanki don in huta, don Allah ki bar ta. Ba wanda ya iya juya shi a gado sai ni, kuma in aka yi sake bayansa zai yi gyambo. Ke da ko jariri kika ɗauka sai ya tsala kuka? Amma tunda kun dame ni da zancen hutu, matar Yaya Babba za ta zauna da shi ran Asabar, ni kuma in je in zaga tafkin nan na cikin daji, in ga abin da mutane ke zuwa gani.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara, ya gwiwa? Na je na dawo, har yau ƙafafuna ba su yafe mini ba.

Wurin yana da kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Siririyar hanya ce tsakanin itatuwa, ruwa a hannun dama, ƙasa ta yi laushi da ganye. Ni kaɗai ce. Amma na daɗe ina tafiya kafin in lura a gefe nake raɓewa, na bar rabin hanya fili, hannuna a lanƙwashe, ina jan ƙafa kamar lokacin da nake riƙe Baba yana takawa zuwa banɗaki. Duk saiwar da na gani sai in ji bakina ya ce, “A hankali, Baba.” Wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni, har ta waiwayo tana tambaya ko lafiya.

Na zauna kan wani dutse a bakin ruwa, na buɗe jaka. Kin san abin da na zubo? Tawul ɗin Baba, man shafa masa baya, da cokalinsa. Ruwan sha kuwa na manta. Na ɓare ayabar da na riƙo don guzuri, na lallatsa ta da cokali har ta yi laushi, na ɗago ina neman bakin da zan sa wa. Na yi dariya, daga baya na yi kuka, ba mai kallona sai agwagin ruwa.

Ban kai rabin tafkin ba ƙararrawar wayata ta buga, lokacin juya Baba ya yi. Na kira matar Yaya Babba, babu sabis a dajin. Sai na juya da gudu. Santsi ya kwashe ni a taɓo, na tashi ban ko kakkaɓe ba, na tare mota.

Na tarar da shi yana barci, an juya shi, matashi tsakanin gwiwoyinsa daidai yadda nake sawa. Matar Yaya tana ninke wanki. Ta ce ya ci abinci, ya yi mata faɗa son ransa, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Don hankalina ya kwanta ta faɗa, baiwar Allah.

Abin ya yi mini ciwo, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Na tsaya a bakin ƙofa da taɓo har gwiwa, na rasa aikin yi a ɗakin. A nan na ji nauyin jikina duka. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ki zo ki ɗauke shi. Zan nuna miki juyin, ashe ba wuya gare shi. Ƙararrawar ce ta gagare ni. In kin zo ki cire mini ita daga wayar nan, ni hannuna ya kasa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Taki,
Auta