Ƙwallon da Ka Aiko

Bronx, 9 ga Janairu

Ƙanena Wilkin,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya mutanen San Pedro? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi, kada ka gaya mata.

Ƙwallon besbol ta Kaka Eleuterio ta iso, na gode. Jiya na kai wa Don Fausto, dattijon da ke tara ƙwallaye masu sa hannun tsofaffin 'yan wasa, don ya baje ta a shagonsa. Ya jujjuya ta, ya ce, "'Yata, wannan tawadar ko yaye ba a yi mata ba."

Na ce ƙarya yake, har na ɗaga murya. Da na dawo ɗaki na duba da kyau. Sunayen 'yan ƙungiyar masana'antar rake da Kaka ya yi wa wasa duk suna nan a jikinta, nasa ma ga shi, rubutu tsaf.

Wilkin, ba a haife ka ba ya rasu, shi ya sa ba ka sani ba. Kaka bai iya rubutu ba, babban yatsa ya dangwala a ƙwallon.

Allah ya yi maka albarka. Wa ka sayar wa ta gaskiyar?

Yayarka,
Yuderka